KAFIN HADARIN FARKO YA HAƊO, A DUBA WAIFA



Ga bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, manomanmu na Kanya Babba da Babura sun gama sharar gona suna kai taki, ido na sama ana jiran ruwan shuka. Kowa na shirin damina ta fuskarsa. Mai ɗakin ƙasa yana yaɓe, mai kwano yana neman inda ƙusa ta saki, masu unguwanni suna kiran gayyar yashe magudanai. Amma mu masu motoci da direbobinmu na haya, akwai wani shiri ɗan ƙarami da kusan kullum muke tsallakewa, shi ne duba waifa, wato robar nan mai share gilashin gaba.

Na san wani zai ce, haba Malam, duk matsalolin da ke damun ƙasar nan, tsadar abinci da ta mai da sauran su, ka rasa abin rubutu sai waifa? To ka ɗan yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe. Ra'ayina a taƙaice shi ne, a irin yanayinmu na arewa maso yammacin Jigawa, bai kamata mutum ya jira ruwa ya nuna masa waifarsa ta mutu ba. A sauya ta kowace shekara kafin ruwan farko, kamar yadda ake juyen baƙin mai ba tare da an jira inji ya buga ba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da abin da ke kashe ta, domin nan ne yawancinmu muka ɗauki abin a baibai. Muna ganin tun da ruwa a wajenmu daga Yuni zuwa Satumba ne, to waifa wata huɗu kawai take aiki, saura wata takwas tana hutawa, don haka za ta yi shekaru. Gaskiyar magana ita ce a wata takwas ɗin nan na rani take mutuwa. Roba ba ta jimirin rana. Hasken rana da zafi suna busar da ita, su sa ta yi tauri ta tsattsage, kamar dai yadda silifas ko tiyon ban ruwa ke yi idan aka bar shi a tsakar gida. A watan Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40, gilashin motar da aka ajiye a fili kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Taɓa shi da azahar ka ji. A kan wannan gilashin robar take kwance tun safe har la'asar, kullum.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga kuma rairayin ƙasarmu ta Babura, wanda duk wanda ya taɓa kafewa da mota a cikinsa ya san shi. A cikin ƙurar nan akwai ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri. Idan ka fito da safe ka tarar gilashi ya yi futu-futu, ka shiga ka kunna waifa a bushe don ka ga hanya, to kamar ka ɗauko samfefa ne kana goga wa gilashinka da kanka. Bakin robar yana cinyewa, gilashin kuma yana samun ƙananan zane masu lanƙwasa kamar baka. Da rana ba lallai ka lura da su ba. Sai da daddare, idan mota ta taho ta haske ka, sai ka ga hasken ya watsu ya cika maka ido. Mutane da yawa suna cewa idonsu ne ya fara rauni da tuƙin dare, alhali gilashin ne ya sha karce.

Yadda abin yake aiki kuwa, bakin robar siriri ne ƙwarai, kuma an yi shi ne ya riƙa kwanciya gefe guda idan hannun waifa ya tafi, ya juya ɗaya gefen idan ya dawo. Akwai sifirin a gindin hannun da ke danna ta a jikin gilashi. Muddin robar na da laushi, tana bin lanƙwasar gilashin ta kwashe ruwan tas. Da zarar ta yi tauri, ba ta iya wannan juyin, sai ta riƙa tsalle tana ƙara, tana shafa ruwan a maimakon ta kwashe shi. Shi ya sa masu ƙera ta suke ba da shawarar a sauya tsakanin wata 6 zuwa 12. Wannan shawarar ta kowa da kowa ce, har da ƙasashen da ba su san zafinmu da ƙurarmu ba. Mu da muke nan bakin iyakar Nijar, shekara ɗaya ai mun ma yi mata adalci.

Sai yadda ruwan namu yake zuwa. Duk ɗan yankin nan ya san ruwan farkon damina ba ya zuwa da sallama. Hadari zai haɗo daga gabas, yawanci da yamma ko da daddare, iska mai ƙarfi ta taso da jar ƙura ta rufe ko'ina, sannan ɗigon ruwa manya-manya su biyo baya. Abin da ke sauka a gilashinka a mintunan farko taɓo ne. Waifa mai lafiya da ruwa a tankinta za ta wanke shi a shara biyu ko uku. Matacciya kuwa sai ta dame shi ta shafe maka gilashin baki ɗaya, ka koma kamar mai leƙe ta cikin kunu. A daidai lokacin kuma kwalta ta fi santsi, saboda man da motoci suka ɗiɗɗiga da ƙurar wata da watanni sun haɗu da ruwa.

Mu yi ɗan lissafi na 'yan firamare. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 100 tana cin kusan mita 28. Idan tirela ta wuce ka a hanyar Kano zuwa Daura, tsakanin Ɗambatta da Kazaure, ta watso maka ruwan taɓo, waifarka ta ɗauki daƙiƙa uku kafin ka sake ganin gabanka, ka yi tafiyar mita 66 zuwa 84 ido rufe. Ya doshi tsawon filin ƙwallo fa. Ƙari a kan haka, birki a jiƙaƙƙiyar kwalta yana buƙatar tazara mai yawa. Littafin ƙa'idojin hanya na Ingila ma cewa ya yi tazarar tsayawa tana ninkawa aƙalla sau biyu idan hanya ta jiƙe. Ka ga an haɗa maka biyu, ba ka gani da wuri, kuma ko ka gani ba ka tsayawa da wuri.

To su wa ke kan hanya a wannan lokacin? Nan ne abin ya fi damuna. Bi hanyar Kunya zuwa Kanya zuwa Babura har Babban Mutum da yammacin damina ka gani. Manoma ne ke dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, sun sunkuyar da kai saboda ruwa. Amalanken shanu ne ɗauke da taki ko itace, babu fitila babu wani abu mai ƙyalli a bayansa, sau da yawa ma yaro ne ɗan shekara goma ke kora shi. Masu babur ne sun ɗauko mutum biyu ko uku, an lulluɓa da leda, shi kansa mai tuƙin ido a runtse. Garken shanu da tumaki ne ke tsallaka titi. Ɗalibai ne da almajirai ke gudu su fake. Haka abin yake a hanyoyin Roni da Gwiwa, ga kuma kwanoni da hawa da gangara a wajen duwatsun Kazaure. Duk waɗannan bayin Allah ba su da gilashi, ba su da bel, ba su da ƙarfen da zai tare musu. Kariyarsu ɗaya ce, direba ya hango su da wuri. Saboda haka waifar motarka ba taka ce kai kaɗai ba, akwai haƙƙin yaron amalanke a cikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyarmu ta Afirka ce ke da mafi munin kaso idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da mu ne muka fi ƙarancin motoci. Idan haɗari ya faru cikin ruwa, abin da ake ji a wajen ta'aziyya shi ne "ruwa ake yi, direban bai gan shi ba". Ba mai tambayar me ya hana shi gani. Mun yarda da ƙaddara, babu ja a nan. Amma malamanmu kullum suna karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma ran mutum amana ne.

Yanzu ga alamomin da za ka gane ta gama aiki. Ba sai ka je wajen makanike ba, minti biyar a ƙofar gida ya isa:

1. Ɗaga hannun waifar ka bi bakin robar da yatsa. Idan ka ji kaushi, ko tsaga, ko wani wuri ya gutsure, ko ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ta tafi.

2. Watsa ruwa a gilashi ka kunna. Idan ta bar layi-layi na ruwa, bakin ya cinye. Idan ta bar wani fili bai sharu ba, musamman daidai inda idon direba yake, ko dai robar ta lanƙwashe ko sifirin ɗin hannun ya saki.

3. Saurari ƙararta. Waifa mai lafiya kusan shiru take aiki a jiƙaƙƙen gilashi. Idan tana ƙugi ko tana tsalle "gar-gar-gar", robar ta bushe.

4. Idan ta share sai gilashin ya yi dishi-dishi kamar an shafa mai, fara wanke gilashin da robar sosai. Idan bai daina ba, sauya.

5. Idan robar ta fara rabuwa da ƙarfenta tana reto, kada ka ƙara kunna ta ko sau ɗaya. Ƙarfe zai hau gilashi ya yi masa zanen da ba ya gogewa. Gilashin gaba kuwa fallen gilashi biyu ne da leda a tsakani, sauya shi ya ninka kuɗin waifa sau da yawa, ga shi idan ba a dace da mai sawa ba ya riƙa yoyo.

Sai kula da ita don ta kai shekarar lafiya. Kada a kunna ta a busasshen gilashi. Da hunturu a fara kaɗe ƙurar ko a zuba ruwa sosai kafin a taɓa makunnin. Duk ranar da aka wanke mota a ɗaga waifa a goge bakin robar da tsumma mai laima, za ka ga baƙin dattin da zai fito. A riƙa neman inuwa, ko ta darbejiya ce, ko a rufe gilashin idan motar za ta wuni a rana. Sai dai mai ajiyewa a ƙarƙashin bishiya ya riƙa wanke kashin tsuntsu da ƙaron itace da wuri, don idan suka bushe suna yanka bakin roba. Kada a goge ta da fetur ko kananzir, suna cinye roba. Yaran da ke wanke mota kuma a ja musu kunne su daina sakin hannun waifa ya faɗo da ƙarfi a kan gilashi.

Tankin ruwan waifa ma abin magana ne. Buɗe bonet ɗin motoci goma a tasha, ka ga nawa ne ke da ruwa a ciki. Wasu tankin ya fashe tun tuni, wasu ɗan injin fesawar ya mutu, wasu ramukan fesawar ƙura ta toshe su, alhali allura kawai ake sawa a buɗe. Shi ya sa za ka ga direba na gudu ya miƙa hannu waje yana matsa ledar fiya wata a gilashi, hannu ɗaya a sitiyari. A cika tankin da ruwa mai tsabta, wanda ba shi da yashi. Idan da hali a sa ruwan wankin gilashi da ake sayarwa don haka. Omo da mutane ke zubawa yana barin dusa-dusa a gilashi, yana toshe ramukan, kuma ba ya yi wa roba da fenti daɗi. Wani abin kuma, idan ana ruwa gilashi yakan yi gumi ta ciki saboda numfashin fasinja. Wannan ba aikin waifa ba ne. A kunna iska ta bugi gilashin, ko esi idan akwai, ko a ɗan sauke gilashin gefe.

Wajen saye, tsawon waifa da inci ake auna shi, kuma a yawancin motoci ta ɓangaren direba ta fi ta ɓangaren fasinja tsawo. Mafi sauƙi ka cire tsohuwar ka tafi da ita, ko Kazaure za ka saya ko Babura, ko ka ba da saƙo Ƙofar Ruwa a Kano. Duba irin maƙalin, don ba duka ne iri ɗaya ba, ko da yake mai ƙugiya ya fi yawa a motocinmu. Lanƙwasa robar a hannunka ka ji laushinta, domin wata sabuwa ce a kwali amma ta shekara tana shan rana a gaban shago. Ka sauya biyun tare, tun da rana ɗaya suka sha. Masu Sharon da Golf da Sienna kada a manta da ta baya. Kuma don Allah, duk son mu da kayan Beljiyam, waifa ba ta cikin abin da ake saye na hannu. Inji na hannu yana iya fin sabo, amma robar da ta gama rayuwarta a Turai ba abin da za ta tsinana maka a nan. Idan aljihu ya yi nauyi, kuma ƙarfen waifar na da lafiya, akwai masu zare tsohuwar roba su zura sabuwa. Hakan ya fi zama babu.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira, kayan gyaran mota sun yi tashin gwauron zabo. Mu ma'aikata mun san yadda albashi ke ƙarewa kafin wata ya raba, ko da an ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024. Da yawa a cikinmu sun jingine mota sun koma babur, wasu kuma sai tafiyar Dutse ko ta gida ake fito da ita. Direban haya kuwa ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin tasha, ga na hanya. Duk gaskiya ne. Amma a jera kayan da ke tsare rai a mota, taya da birki da fitila da waifa, a gaya mini wanne ya fi waifa araha. Kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba, kuma sau ɗaya ne a shekara. Mutumin da ya iya sa wa mota baƙin gilashi da sababbin rigunan kujera da lasifika mai girgiza unguwa, bai kamata ya ce waifa ta gagare shi ba. Motar da aka jingine ma ba ta tsira ba, domin rana ba ta tambayar ko ana hawa.

Wani kuma zai ce, ni na san hanyar nan kamar tafin hannuna, shekara ashirin ina bin ta. Gaskiya ne Malam direba, ka san kowace kwana da kowane rami. Amma ba ka san inda saniya za ta tsaya yau ba, ba ka san inda tirela ta lalace aka bar ta babu alama sai ganye ba, ba ka san inda ruwan jiya ya zaizaye gefen kwalta ba. Mun ga yadda ambaliyar 2022 da ta 2024 suka yanke hanyoyi a Jigawa. Sanin hanya yana amfani ne idan hanyar ta zauna yadda ka bar ta, damina kuwa kullum sauya ta take yi.

Wani zai ce idan ruwa ya sauko sai in tsaya. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ko mai sabuwar waifa idan ruwa ya yi ƙarfi har ba a ganin gaba, ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ya kunna fitilun gargaɗi ya jira. Amma kafin ka samu wurin tsayawar ai sai ka ga gefen hanyar. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, direban da ya ɗauko fasinja daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana son ya sauke ya juyo, ko ma'aikacin da ya taso daga Dutse ranar Juma'a da yamma yana son ya kwana cikin iyalinsa, ba tsayawa zai yi ba. Cewa zai yi bari in lallaɓa. A watan Agusta kuma da ake marka, ruwa na iya wuni yana zuba. Kwana za ka yi a gefen hanya?

Abin sha'awa, ita waifar ma asalinta daga irin wannan halin ta fito. Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson, 'yar jihar Alabama, ta je birnin New York lokacin sanyi ta ga direban taragon cikin gari yana fama da ƙanƙarar da ke rufe masa gilashi, sai ya buɗe taga ko ya share da hannu. Ta koma ta tsara wani hannu mai roba da ake juyawa daga ciki, aka ba ta takardar mallakar fasaha a 1903. Kamfanoni ba su saya ba a lokacin, suna ganin ba abin kasuwa ba ne. Daga baya wani injiniya, Robert Kearns, ya ƙirƙiro wadda ke sharewa tana ɗan dakatawa, irin wadda muke amfani da ita a yayyafi, har ya yi shari'a da kamfanin Ford a kanta ya yi nasara a 1990. Yau fiye da shekara 120 da fasahar Mary Anderson, amma a hanyoyinmu har yanzu za ka ga yaron mota ya leƙo ta taga da tsumma yana goge wa maigidansa gilashi mota na gudu. Mu fasinja kuma muna ciki muna dariya, muna cewa direban nan gwani ne.

Wannan ya kawo ni kan wa ya kamata ya yi me.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshinmu na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, ku ne kuka fi kowa iko a nan. Ba motar da ke lodi sai da izininku. Daga watan Mayu, kafin a rubuta wa mota layi, a watsa mata ruwa kofi ɗaya a gilashi a ce direba ya kunna. Ba ya cin minti ɗaya. Wadda ta kasa, ta je ta gyara ta dawo layinta na nan. Ƙungiya ma na iya saro waifa da yawa daga Kano a farashin sari, ta ba 'ya'yanta su biya a hankali.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, muna roƙo a riƙa duba waifa da ruwanta kamar yadda ake tambayar takardu da abin kashe gobara. A Ingila, waifa da abin fesa ruwa suna cikin abubuwan da ake dubawa a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, mota na iya faɗuwa gwajin saboda su kaɗai. Amma a fara da wayar da kai a tashoshi da gidajen rediyo kafin damina. Idan aka fara da tara, abin zai koma ciniki a bakin hanya, gilashi kuma ya zauna yadda yake.

Mu ma'aikatan gwamnati kuma mu taɓa namu. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san yadda ake yi da motocin hukuma. Sayen sabuwa yana da masu goyon baya, amma takardar direba ta neman ɗan kuɗin waifa ko batir sai ta yi makonni tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ina kira ga duk mai kula da motoci a ma'aikata ko ƙaramar hukuma, musamman motocin ɗaukar marasa lafiya da na makarantu, ya sa sauya waifa cikin jadawalin sabis na kowace shekara. Motar asibiti ba ta zaɓen lokacin fita. Mai naƙuda ba za ta jira ruwa ya ɗauke ba.

Fasinja, kai ma kana da baki. Ka biya kuɗinka, kuma ranka ne a ciki. Idan ka ga hadari ya haɗo, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Direba, Allah ya kiyaye hanya, waifar nan tana yi kuwa?" Idan mutum biyu uku suka tambaya, gobe zai gyara. Iyayenmu mata da ke gidan baya da yara a cinya sun fi kowa haƙƙin wannan tambayar, kuma mu maza da ke gidan gaba ya kamata mu riƙa yi musu ita.

Makanikai da masu wankin mota, ku ne kuke ganin robar nan kusa da kusa. Idan Alhaji ya kawo juye, ku ce masa ranka ya daɗe waifar nan fa ta gama. Ko bai saya a ranar ba, kun sauke nauyi.

Ni dai shawarata ga kowa ita ce a ɗaura abin da wani lokaci da ba a mantawa. Ranar da ka ga an fara kai taki gona, ko ranar da ka ji hukumar NiMet ta fitar da hasashen daminar bana, ko albashin watan Afrilu, ka ce wannan na waifa ne. A sauya a farkon damina a ci moriyar sabuwar roba lokacin da ake buƙatarta, a lallaɓa ta da rani, shekara ta zagayo a sake.

Wanda ya karanta, don Allah yau kafin magariba ya fita ya ɗaga waifar motarsa ya shafa. Wanda ba shi da mota ya tura wa ɗan uwansa ko direban da ya saba hawa motarsa. Masu sana'ar tuƙi da makanikai da ke cikin abokaina, in akwai abin da kuka sani wanda ban ambata ba, ku ƙara mana, ku ne a kan hanya kullum.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.